Kwarin Kinzig: Yadda hanyar masu safarar gumagumai ta zama wurin tattaki a Baƙin Dajin Jamus

A kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon fiye da kilomita 30 da ta bi gefen Kogin Kinzig daga garin Lossburg zuwa garin Wolfach. Jamusawa na kiranta Flösserpfad, ma'ana hanyar matuƙa jirgin gumagumai.

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ba a raba ta da mutane, musamman a ƙarshen mako. Akwai iyalai da 'ya'yansu, akwai tsofaffi 'yan fansho riƙe da sanduna, akwai 'yan makaranta da malamansu. Wasu kan raba tafiyar gida biyu su kwana a hanya, wasu kuma su ɗauki yanki ɗaya su koma masauki a jirgin ƙasa.

Baƙon da ya shiga kwarin zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Dogayen bishiyoyi sun rufe tuddai ta kowane ɓangare, ruwa mai sanyi na gudu a kan duwatsu, ga gidajen manoma jefi-jefi. Amma kusan duk abin da idonsa ya sauka a kai, hannun ɗan Adam ya taɓa shi. An gyara kogin ne don ya ɗauki katako. Dajin kuwa an taɓa sare shi har ya kusa ƙarewa, wanda ake gani yau dashe ne na baya.

Yankin shi ne wanda Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji. Tsaunuka ne da suka miƙa kimanin kilomita 160 daga arewa zuwa kudu, kusa da iyakar Faransa da Suwizalan. Kogin Kinzig ya ratsa su daga gabas zuwa yamma, ya yi tafiyar kilomita 93 kafin ya faɗa cikin Kogin Rhine a garin Kehl, daura da birnin Strasbourg na Faransa. Tun zamanin Rumawa aka gane amfanin wannan kwari, domin a wajajen shekara ta 74 Miladiyya sun shimfiɗa hanya a cikinsa don sojojinsu.

Ƙaramin rafi da babban kaya

Abin da ke fara ba mai tattaki mamaki shi ne ƙanƙantar ruwan. A Lossburg, inda kogin ya samo asali, rafi ne da yaro zai tsallake da tsalle ɗaya. Ko bayan an sauka zuwa garin Alpirsbach, mai tsohon gidan ibadar Kiristoci 'yan zuhudu da aka kafa a 1095, akwai wuraren da ruwan bai wuce gwiwa ba. To ta yaya irin wannan ruwa ya ɗauki gungume mai tsawon mita 20 ko 30?

Amsar tana warwatse a gefen hanyar, sai dai mutum ya san abin da yake dubawa. Akwai ragowar katangun dutse a bakin rafuka. Akwai wurare masu faɗi da suka yi kama da filin ciyawa, alhali a da tafkuna ne da aka haƙa. Akwai kuma wasu dogayen ramuka da suka gangaro daga kan tudu kai tsaye zuwa ƙasa.

Waɗannan ramuka su ne hanyar farko ta katakon. Bayan an sare bishiya a kan tudu, sai a ɓare ta, a bar ta ta sha iska don nauyinta ya ragu, saboda ɗanyen gungume ba ya tasowa sosai a kan ruwa. Daga nan a tura shi cikin ramin, wanda aka jera wa wasu itatuwa a gefe da gefe, ya sulalo da mugun gudu har gindin kwari. Duk wanda tsautsayi ya sa ya gitta a lokacin, sai dai wani ba shi ba.

A bakin ruwa ake ɗaure jirgin. Ana jera gumagumai da yawa gefe da gefe, a huda kowanne a kai da gindi, a zura igiya a ɗaure su su zama sashe ɗaya. Sai a haɗa sashe da sashe, ɗaya a bayan ɗaya, ƙananan itatuwa a gaba don sauƙin juyawa, manya masu nauyi a baya. Jirgin da aka gama kan kai tsawon ɗaruruwan mitoci, yana lanƙwasa a kowace kwana kamar maciji.

Igiyar ita ce sirrin sana'ar. Da itace ake yin ta. Ana samo ƙananan bishiyoyi da ba su wuce kaurin sanda ba, a jiƙa su, a gasa su a cikin wani dogon murhu har ruwan jikinsu ya tafasa. Tun suna da zafi sai a danne gindin a jikin wani turke, a kama ɗaya bakin a yi ta murɗawa har itacen ya saki jiki ya zama kamar tufka. Jamusawa na kiranta Wiede. Tana da ƙarfin riƙe nauyi mai yawa, kuma tana ba da kai idan jirgin ya bugi dutse, abin da ƙusa ko sarƙa ba za su yi ba. Ga shi kuma ba a kashe ko sisi wajen sayenta, dajin ne ke bayarwa.

Sai batun ruwa. Tunda kogin ba zai iya ɗaukar kayan da ƙarfinsa ba, sai aka gina ƙananan madatsu a kansa da kan rafukan da ke shiga cikinsa. Ana tare ruwan ya taru. Idan jirgi ya shirya sai a buɗe ƙofa, ruwan ya yi gaba, a ɗan dakata, sannan a saki jirgin ya hau kan wannan ambaliya da aka haɗa da gangan.

A nan gwaninta take. Jirgi mai nauyi a kan gangare ya fi ruwan da ke ɗauke da shi gudu. Idan matuƙa suka yi sake, sai kan jirgin ya wuce gaban ruwan ya dira a kan tsakuwa, sassan baya su taho su hau kansa. Saboda haka aka yi masa birki: wani ƙaƙƙarfan itace da ake sokawa ta tsakanin gumagumai ya riƙa kartar ƙasan kogin. Mai riƙe da birki yana can baya, sau da yawa ba ya ma hango na gaba saboda kwana, da ihu suke fahimtar juna.

Mutanen na tsaye ne a kan jiƙaƙƙen itace mai santsi, sanye da takalman fata masu tsawo har cinya, kowa da doguwar sanda mai ƙugiyar ƙarfe a baki. Ƙafa ta zame tsakanin gungume biyu, an gama da ita. Kakar aikin kan fara daga ƙarshen Afrilu zuwa kusan tsakiyar Nuwamba, kuma ko a tsakiyar lokacin zafi ruwan tsaunin ba ya rabuwa da sanyi.

Ba kowa ke murna da wucewarsu ba. Masu injin niƙa da na tsaga katako, waɗanda ruwa ke juya musu inji, dole su dakata da aiki duk lokacin da aka buɗe madatsa. Manoma na kukan an cinye musu gaɓar gona, masu kamun kifi na kukan an lalata musu wurin sana'a. Rigingimu irin waɗannan sun cika takardun kotunan yankin. Abin ya ƙara cakuɗewa domin kwarin ba na sarki ɗaya ba ne: Alpirsbach da Schiltach na ƙarƙashin masarautar Württemberg, Wolfach kuma na ƙarƙashin gidan sarautar Fürstenberg, kowa da dokarsa da harajinsa.

Schiltach, garin da ya ci ribar ruwa

Tsakiyar tafiyar, kuma inda ya fi cancanta mutum ya ɓata lokaci, shi ne Schiltach, garin da mutanensa ba su wuce dubu huɗu ba. Ya zauna ne a inda rafin Schiltach ya haɗu da Kinzig. Kasuwarsa na kan gangare, kewaye da gidaje masu hawa uku da huɗu waɗanda ake ganin ƙashin katakonsu daga waje. Gobara ta cinye garin a 1590, aka sake gina shi, kuma yawancin tsarin da ake gani yau daga wancan lokacin ya samo asali.

Gidajen kansu na ba da labarin wanda ya ci riba. A wannan sana'a mutane iri biyu ne. Akwai fataken katako, waɗanda suka haɗu a ƙungiya mai ƙayyadaddun mambobi, su ke da izinin sayen itace daga masu daji su kai shi kasuwa. Akwai kuma matuƙan, waɗanda leburori ne da ake biya lada. Manyan gidajen na fataken ne. Sunan matuƙan ne dai aka sa wa hanyar tattakin, kuma hotonsu ne ke kan allunan talla, wanda wani irin adalci ne da ya zo a makare.

A bakin kogi akwai gidan tarihi na Schüttesäge, tsohon injin tsaga katako da ruwa ke juyawa, inda aka ajiye kayan aikin matuƙa da ƙananan samfuran jiragen. Kusa da shi unguwar majema take, domin jima ma ta dogara da daji da ruwa: ɓawon bishiyar da aka ɓare shi ake jiƙa fata da shi. Har yanzu akwai majema ɗaya da ke aiki a garin.

Kafin a iso Schiltach ana wucewa ta Schenkenzell. A wani ƙaramin kwari kusa da nan, a Wittichen, an haƙi azurfa da wani ma'adini da ake kira kobal, wanda ake yin shuɗin launi da shi. Wannan launi na daga cikin kayan da ake fitarwa zuwa Holan, ƙasar da ta yi suna da farin tangaran mai zanen shuɗi. Jiragen gumagumai ba sa tafiya haka nan, akan ɗora musu allunan katako da ƙaro da sauran kayan da daji ke samarwa.

Tun a 1544 masanin taswira Sebastian Münster ya ambaci mutanen wannan kwari a littafinsa na bayanin ƙasashen duniya, inda ya nuna cewa da safarar katako zuwa Strasbourg suke rayuwa, musamman na wajen Wolfach. Matuƙan Kinzig kan miƙa kayansu ne a Willstätt, dab da Kehl. Daga nan su saɓa sandunansu da gatura a kafaɗa, su juyo gida a ƙasa, suna bin gefen kogin da ya kai su. Tattakin da ake biyan kuɗin otal a zo a yi yau, su dole ce ta sa su yin sa, bayan kowace tafiya.

Inda manyan bishiyoyi suka tafi

Da a ce Strasbourg da garuruwan kusa ne kaɗai kasuwa, da dajin ya jure. Abin da ya sauya lissafi shi ne Holan.

A ƙarni na 17 Holan ta zama babbar mai jiragen ruwa a Turai, tana fatauci har Asiya da gaɓar Afirka ta Yamma, amma ba ta da dajin kirki. Ga biranenta a kan taɓo suke, ba a gini sai an kakkafa turaku a ƙasa. Fadar da ke tsakiyar Amsterdam, wadda aka fara ginawa a 1648 a matsayin zauren majalisar birni, a kan turakun itace 13,659 take tsaye. Holan ta riƙa sayo katako daga Norway da ƙasashen Tekun Baltic, sannan ta juyo ga dazuzzukan da ke saman Kogin Rhine.

A Baƙin Daji har suna aka raɗa wa bishiyar da ta isa wannan kasuwa, ana ce mata 'yar Holan. Ita ce miƙaƙƙiyar Tanne, bishiya mai ganye kamar allura, wadda gungumenta ya kai mita 18 zuwa 30 ba tare da ya sirance ba. Kafin bishiya ta kai haka sai ta shekara fiye da ɗari, wasu ɗari biyu. A 1755 aka kafa wani babban kamfani a garin Calw musamman don wannan ciniki.

A kan Rhine ana haɗa ƙananan jiragen da suka fito daga kwaruruka daban-daban su zama ɗaya. A wajajen Mannheim da Mainz da Koblenz ake wannan aiki, kuma yayin da kogin ke ƙara faɗi jirgin ma na ƙara girma. Manya daga ciki sun haura mita 300 a tsawo, faɗinsu ya kai mita 50, an jibga gumagumai hawa-hawa. A tsakiya ake saka itacen oak mai tsada, wanda shi kaɗai nutsewa yake, sai Tanne ta tallafe shi.

Jirgi ɗaya kan ɗauki ma'aikata ɗari huɗu ko fiye. A kansa akwai ɗakunan kwana, da ɗakin girki, da garken shanun da za a yanka a hanya, da gida na musamman na mai kaya. Wani ƙaramin kwalekwale kan yi gaba da tuta yana gargaɗin masu fito da masu gadoji su kauce, domin abu mai wannan nauyi ba ya tsayawa don an ɗaga masa hannu.

Tafiyar na ƙarewa a birnin Dordrecht na Holan. A can ake wargaza jirgin a yi gwanjon katakon, har da allunan ɗakunan da aka kwana a ciki. A sallami ma'aikata, kowa ya kama hanyar gida da ƙafa.

Wanda ya taɓa bi ta gadar Third Mainland a Legas ya ga gumagumai ɗaure suna shawagi a kan ruwa ta wajen Ebute Metta, ya ga 'yar'uwar wannan sana'a da idonsa. Dabarar ɗaya ce: inda babu titin da zai ɗauki kaya, a bar ruwa ya ɗauka.

Kuɗin Holan ya shiga Baƙin Daji, kuma mutanen yankin sun lura da abin da ya yi wa halayensu. A 1827 marubuci Wilhelm Hauff, wanda ya rasu a wannan shekarar yana da shekara 24, ya fitar da tatsuniyar da har yau ake karanta wa yaran Jamus, Das kalte Herz, wato zuciya mai sanyi. Labarin wani matashi mai ƙona gawayi ne da ya gaji da talauci, ya je wurin wani ƙaton aljani matuƙin jirgin gumagumai mai suna Michel na Holan, ya ba da zuciyarsa aka musanya masa da dutse don ya yi arziki. Ba a banza marubucin ya zaɓi wannan sana'a ya ba aljanin ba.

Lokacin da Baƙin Daji ya daina zama baƙi

Zuwa wajajen 1800 tuddai da yawa a yankin sun zama ƙwalƙwal. Bai dace a ɗora wa fataken Holan laifin duka ba. Masu yin gilashi na cin itace kamar wutar daji, domin suna buƙatarsa a murhu, suna kuma ƙona shi don samun tokar da ake haɗa gilashin da ita. Masu gawayi na ciyar da maƙera da ma'adinai. Birane na neman itacen girki da na ɗumama ɗaki. Manoma kuma na sakin shanu da awaki cikin daji suna cinye duk tsiron da ya ɗago kai. Sai dai cinikin Holan ne ya kwashe manyan, kuma shi ne ya sa aka kai gatari har lungunan da a da ba wanda ke iya fito da itace daga cikinsu.

A 1833 masarautar Baden, wadda Schiltach da Wolfach suka koma ƙarƙashinta a farkon ƙarnin, ta kafa dokar gandun daji. Dokar ta taƙaita kiwo a daji, ta sa ido kan sara, ta wajabta sake dashe. Tunanin da ke bayanta ya girme ta, domin tun 1713 wani jami'in ma'adinai a yankin Saxony, Hans Carl von Carlowitz, ya rubuta cewa kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa.

Jamusawa na alfahari da wannan tarihi, kuma suna da hujja. Amma doka kaɗai ba ta ceci dajin ba. Abin da ya ba ta damar aiki shi ne mutane sun sami madadi. Kwal ya maye gurbin itace da gawayi a masana'antu da gidaje. Ƙarfe ya maye gurbin katako a ƙirar manyan jiragen ruwa. Da ba a sami wani abin hura wuta ba, da wuya jami'in gandun daji ya iya hana mai jin sanyi ɗaukar gatari.

Wannan sauyi shi ne kuma ya kashe sana'ar matuƙa. Layin dogo ya iso Wolfach a 1878, ya ratsa Schiltach da Alpirsbach a 1886. Jirgin ƙasa ba ya jiran a tara ruwa, ba ruwansa da kaka, kuma yana kai katako a bushe. Ba a cika shekara goma ba, a tsakiyar shekarun 1890, jirgin gumagumai na ƙarshe ya sauka a Kinzig. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: a 1901 wani mutum mai suna Hans Grohe ya buɗe ƙaramar maƙera a Schiltach, wadda ta zama kamfanin Hansgrohe mai ƙera famfo da shawa da ake sayarwa a duniya. Har gobe garin da ruwa yake cin abinci.

Da aka zo dashe, an fi zaɓar wata bishiya da ake kira Fichte, mai kama da Tanne amma ta fi ta saurin girma da sauƙin reno. Aka jera ta sahu-sahu a wuraren da a da gauraye suke da bishiyoyi iri-iri. Mai tattaki zai iya gane irin wannan daji da kansa: bishiyoyin kusan tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ƙarƙashinsu duhu ne da busassun allurai, ba tsiro sosai.

Yanzu ake biyan bashin wannan zaɓi. Saiwar Fichte ba ta nutsawa ƙasa sosai. Ranar 26 ga Disamban 1999 guguwar da aka sa wa suna Lothar ta ratsa yankin, ta kwantar da miliyoyin bishiyoyi cikin 'yan sa'o'i. Daga 2018 kuma aka jera shekarun zafi da ƙarancin ruwan sama, bishiyoyin suka raunana, wani ɗan ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawo ya samu yadda yake so. Inda aka ga tudu ya yi ja ko toka-toka a tsakiyar kore, aikinsa ne. Ma'aikatan gandun daji sun koma cakuɗa iri, suna dawo da Tanne da bishiyoyi masu faffaɗan ganye, aikin da sai jikokinsu za su ga sakamakonsa.

Da gwamnatin jihar ta ware kimanin hekta 10,000 a arewacin yankin ta mai da shi gandun ƙasa a 2014, inda za a bar daji ya yi yadda ya ga dama, an sha muhawara mai zafi. Masu injin katako da ƙauyukan kusa sun ji tsoron rasa abin yi, sun kuma ji tsoron ƙwaron zai yaɗu daga can zuwa dazuzzukansu. Katako har yanzu abinci ne a wannan yanki, shi ya sa mai tattaki zai yi ta cin karo da tarin gumagumai a gefen hanya, an fesa musu lamba da fenti, suna jiran babbar mota.

Dajin da kowa ke da ikon shiga

Abin da ya sa tattakin ke yiwuwa shi ne doka. Dokar gandun daji ta tarayyar Jamus ta 1975 ta ba kowa izinin shiga daji don shaƙatawa, ko da dajin mallakar wani ne. Alamomin hanya kuwa aikin wata ƙungiyar sa-kai ce, Schwarzwaldverein, da aka kafa a Freiburg a 1864. Mambobinta ne ke kula da hanyoyin ƙafa masu tsawon fiye da kilomita 20,000 a yankin, suna liƙa 'yan alamomi masu launi a jikin bishiya da turaku. Mafi shahara cikin hanyoyin ita ce Westweg, daga Pforzheim zuwa Basel, kimanin kilomita 285, wadda aka shata a 1900.

Hanyar Kinzig ba ta da wannan wahala. Gangara ce mafi yawanta, ana sauka kusan mita 400 daga farko zuwa ƙarshe, kuma layin dogo na biye da ita, duk wanda ƙafarsa ta gaza akwai tasha a gari na gaba. Garuruwa da yawa na ba baƙon da ya kwana a masaukinsu katin hawa bas da jirgin ƙasa kyauta. An kafa alluna a hanya masu bayanin abin da aka yi a kowane wuri.

Akwai barewa da aladun daji, kuma tun 2017 kyarkeci ya sake bayyana a arewacin yankin bayan fiye da ƙarni guda da ɓacewarsa. Amma dabbar da likitoci suka fi gargaɗi a kanta ita ce kaska, domin kudancin Jamus na cikin wuraren da cizonta ke iya jawo cutar kumburin ƙwaƙwalwa. Mai kiyaye abin da yake ci kuma ya tambaya kafin ya zauna a gidan abinci: naman da yankin ya yi suna da shi na alade ne, kuma kek ɗin nan mai sunan Baƙin Daji, a garinsu da barasar 'ya'yan itace ake haɗa shi.

Kogin ma ana ƙoƙarin warware wasu daga abubuwan da aka yi masa. Ana rushe tsofaffin madatsu ko a yi musu hanyar wucewar kifi. Tun da aka buɗe irin wannan hanya a madatsar Gambsheim da ke kan Rhine a 2006, kifin salmon da ke tasowa daga teku ya sake samun damar isa Kinzig, kuma akwai wurin ƙyanƙyasarsa a kwarin Wolf, kusa da Wolfach.

A Wolfach ɗin tafiyar ke ƙarewa, inda aka ware wani sashe na tsohuwar fadar Fürstenberg don tarihin matuƙa. A nan da Schiltach akwai ƙungiyoyin masu sha'awa da suka farfaɗo da sana'ar. Sukan gasa itace su murɗa igiya a gaban jama'a, lokaci-lokaci kuma su ɗaura jirgi su sauka da shi a ranar biki. A Disamban 2022, a taron da ta yi a Rabat na Maroko, hukumar UNESCO ta sanya tuƙin jirgin gumagumai cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar ƙasashe shida: Jamus, Ostiriya, Czech, Latbiya, Poland da Sifaniya.

Katakon da aka sauke a wancan zamani kuwa bai ɓace duka ba. A rufin tsofaffin gidaje da majami'u na garuruwan da ke ƙasan kogunan, irin su Tübingen da ke kan Kogin Neckar, masu bincike na hawa da fitila suna duba azara. Idan suka ga huda a bakin itacen, wani lokaci har da guntun murɗaɗɗiyar igiya maƙale a ciki, sun san ta ruwa ya zo. Daga nan sai su ɗebi ɗan samfur su ƙirga zoben shekarun da ke jikinsa, su fitar da shekarar da aka sare shi.